JIFA A KASUWA

 

Kwanakin baya muna karatun Risala a zaure, mun iso babin hukunce-hukuncen jini da haddodi, da aka tashi sai wani saurayi daga cikin ɗalibai ya daɗe yana naɗe buzunsa har kowa ya watse. Sa'an nan ya matso ya durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ina da tambaya, amma ina jin nauyi." Muka ce masa ya faɗi, ai ba a jin kunya wajen neman sani. Ya ce, "Idan mutum ya tabbata gwamnati azzaluma ce, ya kai wa gininta hari, bai nufi talaka ba, shi ma hukuncinsa ɗaya ne da na mai kisan kai?"

Mun yi murna da ya kawo wannan tambaya zaure, domin tambayar da yaro ya kasa kawowa gaban malami ba ta rasa mai amsa masa ita a lungu. Mun ba shi jawabi gwargwadon abin da ya sawwaƙa, muka kuma ga ya kamata mu shimfiɗa maganar a nan don amfanin kowa. Za mu ɗauko misalinmu daga ƙasa mai nisa, saboda Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. In mun gama hangen na wani sai mu dubi wanda mu ke tsaye a kansa.

ABIN DA YA FARU A OSLO

Norwe ƙasa ce da ke can arewacin Turai, mutanenta a lokacin da mu ke magana kamar miliyan 5 ne, kuma a babban birninta, watau Oslo, a ke ba da lambar Nobel ta zaman lafiya kowace shekara. Ranar Juma'a 22 ga watan Yuli 2011, cikin watan Sha'aban na shekara ta 1432, saura kamar kwana goma a kama azumi, wani mutum ya tuƙo farar motar ɗaukar kaya ya ajiye ta a gindin wani bene mai hawa 17 a unguwar ma'aikatun gwamnati. A lokacin, a cikin wannan bene ne ofishin Firayim Minista ya ke, da Ma'aikatar Shari'a. Mutumin ya fito sanye da kayan 'yan sanda, ya taka zuwa wata mota da ya riga ya ajiye a gaba, ya shiga ya yi tafiyarsa. Da ƙarfe 3 da minti 25 na yamma bom ɗin da ke cikin motar farko ya tashi. Nauyinsa ya kai kilo 950, kuma an ji ƙararsa har bayan gari.

Mutum 8 suka rasu, fiye da 200 suka ji rauni. Firayim Minista Jens Stoltenberg ba ya ofis, yana gidansa na gwamnati yana shirya jawabi, ko ƙwarzane bai yi ba. Haka kuma babu minista ko ɗaya cikin waɗanda suka mutu. Waɗanda ajali ya riska su ne ma'aikatan ofis, da mai karɓar baƙi a ƙofa, da masu wucewa da hanya ta biyo da su ta nan. Abin da ya sa adadin bai fi haka ba shi ne lokacin hutun shekara ne a ƙasar, ga shi yammacin Juma'a, yawancin ma'aikata sun riga sun tashi.

Hankalin hukuma duk ya koma kan hayaƙin da ke tashi a Oslo, shi kuwa mutumin ya nufi wani ɗan tsibiri mai suna Utoya da ke cikin wani tafki, kamar kilomita 40 daga birnin. A can matasan Jam'iyyar Leba mai mulki su ke taronsu na shekara, su fiye da 500. Ya ce wa masu jirgin fito shi ɗan sanda ne da aka aiko ya tsare yaran saboda abin da ya faru a birni, suka ƙetare da shi. Da ya sauka ya buɗe wuta, ya yi fiye da sa'a guda yana bin 'ya'yan mutane yana harbi, wasu a cikin ɗakuna, wasu a bayan duwatsu, wasu sun faɗa ruwa suna iyo. Mutum 69 suka rasu a tsibirin, yawancinsu samari da 'yan mata, mafi ƙanƙanta shekara 14. In aka haɗa da na Oslo, rai 77 ke nan a yini ɗaya, a hannun mutum ɗaya.

SA'O'IN ZATO

Tun ƙura ba ta lafa ba, masu sharhi a gidajen rediyo da talabijin na duniya suka shiga nuna Musulmi da yatsa. Wata jarida ta Ingila ta buga babban kanunta da sunan Alƙa'ida, wata babbar jaridar Amurka ta rubuta ra'ayinta a kan haka, aka kuma yi ta yaɗa labarin wai wata ƙungiya mai da'awar jihadi ta ɗauki alhaki, labarin da ya zama ba shi da tushe. A titunan Oslo an sami waɗanda aka zaga, aka ci mutuncinsu a waɗannan sa'o'i, ba don kome ba sai don kamanninsu na baƙi ko lulluɓin da ke kansu. Irin wannan ya taɓa faruwa a Amurka a 1995, sa'ad da aka tayar da bom a wani ginin gwamnati a birnin Oklahoma mutum 168 suka mutu, aka fara tuhumar Larabawa, daga baya ta bayyana wani tsohon sojan ƙasar ne mai suna Timothy McVeigh.

Adalci ya wajabta mana mu faɗi cewa zaton bai fito daga iska ba. A shekarar 2011 Norwe tana da soja a Afganistan, jiragenta na cikin masu ruwan bama-bamai a Libiya, kuma a watan Disamba 2010 wani mai da'awar jihadi ya tayar da bom a Stockholm, babban birnin maƙwabciyarta Suwidin. Mu kanmu ba za mu ɓoye ba, da muka ji labarin a rediyo bayan la'asar, abin da zuciya ta fara rayawa shi ne, "Allah Ya sa ba wani mai sunanmu ba ne," alhali kuwa a ƙarƙashin wannan addu'a muna jin kusan shi ne. Watau mu ma mun yi zaton da mu ke zargin wasu da shi.

Ga shi kuwa Alƙur'ani mai girma ya riga ya yi mana maganin wannan. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, Allah Ya umurci muminai su yi bincike idan wanda ba amintacce ba ya kawo musu labari, don kada su afka wa wasu mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Masu tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne a kan Walidu ɗan Uƙba, wanda aka aika ya karɓo zakka wajen Banu Musɗaliƙ, ya hango sun fito taryensa ya ɗauka yaƙi ne, ya juyo ya ce sun hana zakka, har aka kusa tura musu runduna. A aya ta 12 kuma aka ce mu nisanci yawan zato domin sashensa zunubi ne. Suratun Nisa'i, aya ta 83, ta zargi masu saurin watsa labarin aminci ko na tsoro tun ba su mai da shi ga masu iya tace shi ba. In an saukar da waɗannan ayoyi a zamanin da labari ke tafiya a bayan raƙumi, to ina ga zamanin da kowane yaro ke riƙe da wayar da za ta kai ƙarya ƙasa goma kafin ya ajiye kofin shayinsa?

WANE NE, KUMA ME YA KE SO?

Cikin daren nan hukuma ta sanar cewa wanda aka kama ɗan ƙasa ne, Bature, haifaffen Oslo. Sunansa Anders Breivik, shekararsa 32. Ya yi shekaru yana shiri a ɓoye, har ya yi hayar gona a ƙauye don ya sami dalilin sayen takin zamani mai yawa ba tare da an tuhume shi ba. Kafin ya fita ya aika wa mutane kamar dubu da wani littafi da ya harhaɗa, mai shafi fiye da 1,500. Abin da ke ciki a taƙaice shi ne wai Musulmi suna mamaye Turai, wai shugabannin ƙasarsa, musamman 'yan Jam'iyyar Leba, maciya amana ne da suka buɗe musu ƙofa, saboda haka jininsu ya halatta, da na 'ya'yan da za su gaje su. Ya kira kansa jarumi mai ceton al'ummarsa, ya yi da'awar yana cikin wata ƙungiya ta asiri, 'yan sanda suka bincika ba su sami ko alamarta ba.

To, a nan ne mu ke so ɗalibinmu da sauran masu karatu su tsaya su lura. Wannan mutum a ganinsa gwamnatinsa azzaluma ce, ya yanke ƙauna daga ƙuri'a da magana, ya naɗa kansa alƙali, ya yanke hukunci shi kaɗai a ɗakinsa, ya kuma zartar. A cire sunan Musulmi daga littafinsa a sa sunan wasu, a cire sunan Leba a sa sunan wata gwamnati, za a ga hujja ce da kunnenmu ya saba ji. Duk mai irin wannan aiki yana ganin gyara ya ke yi, kuma tun a farkon Suratul Baƙara Allah Ya ba mu labarin waɗanda in an hana su ɓarna a bayan ƙasa sai su ce su masu gyara ne.

Da gari ya waye muka ji ba Musulmi ba ne, sai muka ji wani sanyi a zuciya. Daga baya muka tuhumi wannan sanyi. Iyaye 77 ɗin nan da ke kuka, hawayensu bai ragu da ɗigo ɗaya ba don sunan makashin Anders ne. Daga cikin yaran da aka kashe ma akwai Musulmi. Wadda aka fara yi wa jana'iza, ranar 29 ga Yuli, yarinya ce 'yar shekara 18 da iyayenta suka yi gudun hijira daga yankin Kurdawan Iraƙi, liman da limamin Kirista suka tsaya tare a wajen binne ta.

TSOHUWAR CUTA

Kada wani ya ɗauka wannan cuta ta Turawa ce ko ta zamani. A tarihinmu, bayan yaƙin Nahrawan, wasu mutum uku daga cikin Hawarijawa suka haɗu a Makka suka ce duk fitinar al'umma shugabanni uku ne suka jawo ta, in an kawar da su a huta. Suka yi alkawarin kai hari rana ɗaya cikin watan Ramadan na shekara ta 40 bayan Hijira, a cibiyoyin mulki uku, lokacin sallar asuba. Abdurrahman ɗan Muljam ya tafi Kufa ya sari Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, saran da ya zama ajalinsa. Na biyu ya tafi Dimashƙa ya ji wa Mu'awiya rauni, ya warke. Na uku ya tafi Masar don ya kashe Amru ɗan Asi, ashe a daren nan Amru ba shi da lafiya, ya wakilta Harijatu ɗan Huzafa ya ba da salla, makashin ya afka masa yana tsammanin Amru ne. Har Larabawa suka mai da abin karin magana, cewa mutum ya nufi Amru, Allah kuwa Ya nufi Harijatu.

Waɗannan mutane ba mashaya ba ne, ba 'yan caca ba. Masu tsayuwar dare ne, goshinsu duk kanta. An ruwaito ɗayansu ya tsinci dabino ɗaya da ya faɗo ya jefa a baki, 'yan'uwansa suka yi masa ca don ya ci abin da bai biya ba, sa'an nan su ɗin nan suka yanka Abdullahi ɗan Habbabu da iyalinsa mai juna biyu ba tare da gezau ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya siffanta su da cewa za su karanta Alƙur'ani amma ba zai wuce maƙogwaronsu ba. Kuma da suka kashe Aliyu, al'umma ba ta sami hutun da suka yi mata alkawari ba, sai ma dai ta rasa na huɗun halifofi shiryayyu.

MAKO BIYAR BAYAN OSLO

Yanzu sai mu dubi tudun da mu ke tsaye a kai. Kafin abin Oslo da 'yan makonni, ranar 16 ga Yuni 2011, an tayar da bom a harabar hedkwatar 'yan sanda ta ƙasa a Abuja. Bayan Oslo da mako biyar cif, ranar Juma'a 26 ga Agusta, cikin goman ƙarshe na Ramadan, wani ya kutsa da mota cikin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, fiye da mutum 20 suka rasu. Ƙungiyar Boko Haram ta ɗauki alhakin duka biyun. Yawancin waɗanda suka rasu a ginin Majalisar 'yan Nijeriya ne da suka fito neman abincinsu, kuma a cikin baƙin da abin ya rutsa da su akwai wata matashiya 'yar ƙasar Norwe mai aiki a ɗaya daga cikin ofisoshin. Ƙasar da ba ta gama zaman makokin wanda ya kashe 'ya'yanta don ƙin Musulmi ba, sai ga gawa an kai mata daga hannun wanda ya ce don Musulunci ya yi.

Saboda haka wanda ya yi tir da na Oslo da babbar murya, amma da aka zo na Abuja ya shiga 'yan kame-kame, yana cewa ai an tsokane su ne, ko ai wasu ne suka shirya don su ɓata mu, ba tare da wata hujja ba, ya sani yana awo da mudu biyu. Haka shi ma Baturen da ya kira na Abuja ta'addancin addini, ya kira na Oslo taɓin hankalin mutum ɗaya. Musulunci mudu ɗaya ya ba mu. Masu tafsiri sun kawo cewa wani mutumin Madina daga gidan Ubairiƙ ya saci sulke ya ajiye a gidan wani Bayahude, danginsa suka zo suna kāre shi don a ɗora wa Bayahuden laifi, sai ayoyi suka sauka a Suratun Nisa'i, daga ta 105, suka wanke Bayahude suka tona asirin mai da'awar Musulunci. A Suratul Ma'ida, aya ta 8, an gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya ɗauke mu ga barin adalci. Kuma a wurare da dama Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Da wannan ƙa'ida mu ke ƙin a ɗora wa Musulmin duniya laifin Boko Haram, da ita kuma ya wajaba mu ƙi ɗora wa Kiristocin duniya ko mutanen Norwe laifin Breivik.

AMSAR TAMBAYA

Ɗalibinmu ya ce maharin "bai nufi talaka ba." To, gwamnati ba ta da jikin da bom zai fasa. Abin da ke cikin ginin gwamnati shi ne akawu, da masinja, da maigadi, da mai shara, da tsohon da ya zo bin kuɗin fansho, da mai tallar goro a bakin ƙofa. Wanda ya ajiye mota cike da abin fashewa a kan titin jama'a ya san da su sarai. Mai jifa a kasuwa ba ya cewa bai nufi kan kowa ba, kuma sau da yawa a kan ɗan'uwansa dutsen ke sauka.

A mazhabar Imamu Malik, abin da ya shahara shi ne kisa iri biyu ne, ganganci da kuskure. Malamanmu sun bayyana cewa wanda ya nufi wani da kisa bisa zalunci, sai ya zama wani dabam ya samu, ganganci ne, ƙisasi ya hau kansa. Makashin Harijatu bai kuɓuta don ya ce Amru ya nufa ba. Daɗin daɗawa, kisan da aka yi ta hanyar yaudara da shammata, wanda a ke kira gila, mai Risala ya ce babu afuwa a cikinsa ko da dangin mamaci sun yafe, domin haƙƙin jama'a ne. Wace yaudara ta kai a sa kayan 'yan sanda a kira yara su matso don a tsare su? Tsoratar da mutane da hana su bin hanya cikin aminci kuwa shi ne hiraba, wadda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta kira yaƙi da Allah da ManzonSa, kuma tana biye ne da ayar da ta daidaita kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kashe mutane duka. Baƙon da ya shigo ƙasa da izini shi ma yana da amana, kuma ya inganta cewa wanda ya kashe mai amana ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Ko a fagen yaƙi na gaskiya, a ƙarƙashin halifa, Sayyidina Abubakar ya hori rundunarsa kada su kashe mace ko yaro ko tsoho ko mai ibada a ɗakin ibadarsa.

Ba mu ce a yi shiru a kan zalunci ba. Hadisi ya sanya faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba cikin mafificin jihadi, amma a lura, a gabansa aka ce, da baki, mutum ya tsaya da sunansa da fuskarsa ya ɗauki abin da zai biyo baya. Annabi Musa da Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, wajen Fir'auna aka aike su, aka kuma ce su yi masa magana mai taushi. Babu shugaban yau da ya kai Fir'auna, babu kuma mai wa'azin da ya kai Musa. Malamai sun shar'anta wa mai hani da mummuna kada haninsa ya jawo abin da ya fi muni. Wanda zai gyara kuskuren minista da jinin masinja ya rushe wannan sharaɗi tun daga tushe.

YADDA AKA BI DA SHI

Akwai abin koyi kuma a yadda mutanen Norwe suka ɗauki musibar. Ranar 25 ga Yuli fiye da mutum 100,000 suka taru a tsakiyar Oslo riƙe da furanni, aka watse lafiya. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan harin Firayim Minista ya je masallaci ya yi wa Musulmi jawabi. Aka gurfanar da Breivik gaban kotu daga watan Afrilu zuwa Yuni 2012, aka ba shi lauya, lauyan kuwa ɗan jam'iyyar da aka kashe wa 'ya'ya ne, ya karɓi aikin. Da aka gano ɗaya daga cikin masu taimaka wa alƙalai ya taɓa rubuta cewa kisa ya dace da mutumin, nan da nan aka cire shi daga shari'ar. Likitoci suka saɓa a kan hankalinsa, kotu ta yanke cewa da hankalinsa ya yi, kuma ranar 24 ga Agusta 2012 aka ɗaure shi shekara 21, wanda shi ne iyakar dokarsu a lokacin, da sharaɗin a yi ta ƙara masa muddin yana da haɗari. Ya nemi a sake shi a 2022 da 2024, kotu ta ƙi.

Mun saɓa da su a kan hukuncin, domin a Shari'a ƙisasi ne haƙƙin irin wannan. Amma bin ƙa'ida da suka yi, da ƙin huce haushi a kan wanda bai ji ba bai gani ba, namu ne tun asali. Sayyidina Aliyu yana kwance jini na zuba ya yi wasiyya a ciyar da Ɗan Muljam, a kyautata tsaronsa, in ya mutu a kashe shi shi kaɗai, kada a yi masa gunduwa-gunduwa, kada kuma a shiga zubar da jinin Musulmi da sunan an kashe Sarkin Muminai.

Hukumar ƙasar ba ta wanke kanta ba. Kwamitin binciken da aka kafa ya ba da rahoto a watan Agusta 2012, ya ce da an aiwatar da matakan tsaron da aka riga aka amince da su da an hana harin Oslo, domin tun 2004 aka ba da shawarar rufe titin da ke gaban benen, har shekara bakwai ba a rufe ba. Ya ce kuma 'yan sanda sun makara wajen isa tsibirin, har ƙaramin kwale-kwalensu ya mutu a tsakiyar ruwa don an cika masa kaya, sai na mutanen gari suka ara. Bayan 'yan kwanaki shugaban 'yan sandan ƙasar ya ajiye aiki. Rayukan talakawa amana ce a wuyan masu mulki, kuma faɗin gaskiya bayan an yi sakaci yana cikin sauke ta.

NAUYIN DA KE KAN MASU MAGANA

Breivik bai ƙirƙiri ƙiyayyarsa shi kaɗai ba. Littafinsa cike ya ke da rubuce-rubucen wasu da suka shekara suna zuga mutane a kan Musulmi, waɗanda da abin ya faru kowannensu ya ce shi magana kawai ya yi. Shi ma kuma ya zama malamin wasu. Wanda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch a ƙasar New Zealand, ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, ya ambace shi cikin waɗanda ya yi koyi da su. A watan Agustan 2019, ana jajiberin babbar salla, wani saurayi ya shiga wani masallaci kusa da Oslo da bindigogi, Allah Ya taimaki wani dattijo ɗan shekara 65 ya kayar da shi ya danne har aka kama shi.

Wannan gargaɗi ne gare mu masu hawa mumbari da masu riƙe alƙalami. Malamin da ya mai da kafirta mutane abin taunawa, yana kiran kowane ma'aikacin hukuma maƙiyin Allah, yana kwatanta maƙwabta da dabbobi, ya sani a cikin masu sauraronsa akwai yaron da zai ɗauki maganar ya kai ta inda shi bai yi zato ba, kuma ranar hisabi ba za a karɓi cewa magana kawai ya yi ba. Iyaye su ma su san wanda ke karantar da 'ya'yansu, a zaure ne ko a cikin waya. Yaron da ya zo da tambaya mai nauyi kada a kore shi da tsawa, a zaunar da shi a buɗe masa littafi.

Ɗalibinmu da ya gama saurare ya yi shiru, can ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, yayana masinja ne a sakatariya." Muka ce masa to ka ga kan da dutsen zai sauka.

Allah Ya tsare mu daga fitina, ta bayyane da ta ɓoye, Ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinSa da harsunanmu daga mutuncinsu, Ya shiryi shugabanninmu Ya sa tausayin talakawa a zukatansu, Ya zaunar da ƙasarmu da sauran ƙasashe lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. In Allah Ya kai mu mako mai zuwa za mu ci gaba da bayanin diyya da waɗanda ta ke hawa kansu. Wassalamu alaikum.